Kan Sarki a Kife

Léonie Warnier ta hango magajin gari tun daga bakin coci, yana tafe da ambulan a hannu, sai ta jawo aljihun teburinta ta tura sababbin kan sarki can ƙurya. Guda ɗaya tsoho ta bari a sama, mai hoton sarkin da ya miƙa wuya ga Jamusawa a yaƙin Sedan. Tun ranar da labarin ya iso take ajiye da shi, kuma ta san wanda take yi wa ajiyar.

Ita ke riƙe da gidan wayar ƙauyen. Ɗanta Firmin ne a da yake raba wasiƙu, yaro mai barkwanci, bakinsa ba ya rufuwa. Wata rana cikin wasa ya liƙa kan sarki a kife, ya ce maigidan ya gaji da tsayuwa, a bar shi ya huta. Kowa ya yi dariya ban da magajin gari, Anselme Gobert, wanda a lokacin ko atishawa sarki ya yi sai ya cire hula. Ya kai ƙara, aka kori Firmin. Da zaman banza ya ishi yaron sai ya shiga soja, daga Sedan kuma ko takalminsa ba a kawo wa uwarsa ba. Léonie ba ta yafe ba, ba ta kuma taɓa yin kamar ta yafe ba.

Yanzu sarki ya faɗi, an yi Jamhuriya, Gobert kuwa dare ɗaya ya wayi gari ya fi kowa ƙin sarauta. Wanzami dai ba ya son jarfa. Duk ƙauyen an san ya rubuta wa sabon gwamna yana roƙon a bar masa kujerarsa.

Ya shigo, ya tarar da mata a layi da kwandunansu, har da tsoho Basile maƙeri yana zuƙar lofe.

"Madam Warnier, ba ni kan sarki ɗaya. Irin sabon nan mai hoton mace."

Ta tura masa tsohon da ɗan yatsa. "Ga shi, ranka ya daɗe. Mutuminka ne."

"Na ce sabo."

"Wannan ma yana aiki. Ko ba ka gane shi ba ne? Ai hotonsa ya daɗe a falonka."

Basile ya cire lofe. "Ya koma bayan rumbun dankali, Léonie. Ni na ɗaukar masa."

Matan suka ƙunshe dariya. A waje mai keken dokin da ke kwasar wasiƙu ya fara kaɗa ƙararrawa, in ya tafi kuwa sai wani makon, kafin nan gwamna ya gama naɗe-naɗensa. Gobert ya ɗauki 'yar takardar ya lasa, sai hannunsa ya tsaya a kan ambulan. Sai yanzu ya ga ramin da ta haƙa masa. In ya liƙa shi a miƙe, abu na farko da gwamna zai gani shi ne fuskar sarki zaune daram a kan takardar mai rantsuwa ya tsane shi.

"Ki liƙa mini," ya ce a hankali.

"Yawunka ne a jiki, ba nawa ba."

Ko ƙiftawa ba ta yi ba. So take ya yi da hannunsa, a gaban mutanen nan da suka ga ranar da aka karɓe jakar Firmin. In ya juya ya fita, ajiyarta ta tashi a banza.

Gobert ya dubi ƙofa, ya dubi matan. Sannan ya juya kan sarkin, gemu sama, ya danna da babban yatsa.

Léonie ta ɗaga ambulan sama yadda na bayan layi ma za su gani.

"A kife, magajin gari? Ashe babu laifi?"

"Zamani ne ya canza, Madam."

"Haka ne. Firmin ne bai iya jira ba." Ta jawo hatimi ta dangwala a tawada. "Wa zan kai wa ƙararka? Faɗa mini, kai ka san hanya."

Kunnuwansa sun yi jajur. Ta sauke hatimin da duk ƙarfinta, har kwalbar tawada ta yi tsalle, fuskar sarkin ta ɓace cikin baƙi. Daɗin da ta ji ya kai mata har tafin ƙafa, ba ta kuma ji kunyarsa ba. Ta wurga wasiƙar cikin buhu.

Gobert bai kai ƙofa ba matar mai gasa burodi ta matso da tata wasiƙar. Léonie ta buɗe aljihun tebur gaba ɗaya, ta zaro sababbin kan sarki, shafi guda cur, ta shimfiɗa a kan tebur tana gyara gefensa. Ya tsaya yana kallo.

"Dama kina da su."

"Ina da su," ta ce, tana yagar ɗaya. "Ɗa ne ba ni da shi."