Kujerun da Na Ara wa Farfesa

Farfesa yana ta buga bangon da ke tsakaninmu da sandarsa, ni kuwa ina kan keken ɗinki. Ban tashi ba sai da na kai ƙarshen kalmasa, na yanke zare, na ninke rigar. Sannan na zura takalmi na tsallaka.

Na same shi a kujerarsa ta gefen taga, bargo a gwiwa, littattafai sun rufe bango har sama. Ciwo ya cinye shi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Tela, na dame ki," ya ce. "Ɗalibaina za su yi mini ɗan taro a nan ranar Asabar. Sabon littafina ya fito, ga shi ba na iya sauka daga benen nan. Ko za ki ara mana kujeru?"

"Littafin mene ne, ranka ya daɗe?"

"Tarihin dokokin da suka ɗora wa hukuma nauyin marasa ƙarfi. Tsofaffi, marayu, ma'aikatan da suka nakasa."

"Allah sarki," na ce. "Kujeru kam za ka samu."

Bai san ni ba. Tun da ya tare a ɗakin da ke jikin nawa nake sayo masa magani, nake kama wa ma'aikaciyar jinyar da hukuma ke turo masa idan za ta juya shi, amma fuskata ba ta taɓa tuna masa komai ba. Ni kuwa tun ranar farko na gane muryarsa, yana kan matakala yana ce wa masu ɗauko kaya su yi hankali da akwatuna.

Maigidana a kamfanin fasa dutse ya yi aiki. Ƙura ta cika masa huhu, shi da abokan aikinsa, har ya kai ba ya iya sa riga sai ya huta. Suka kai ƙara suna neman a ɗauki nauyin jinyarsu. Kamfanin ya ɗauko masanin tarihin shari'a, wato Farfesan nan, ya tsaya gaban alƙali da tattausar muryarsa, ya bi dokar tun daga tushe. Ya ce waɗanda suka rubuta ta haɗari suke nufi, kamar dutse ya faɗo wa mutum, ba cutar da ke shiga a hankali ba. Alƙali ya yi ta gyaɗa kai kamar ɗan makaranta, aka kori ƙarar. Maigidana a zaune ya rasu, don kwanciya ta gagare shi.

Da na fito daga wurin Farfesa ban koma kan keke ba. Na ɗauki mayafi na nufi gidan Dogo, aminin maigidana, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage. Yana zaune a ƙofa da tukunyar iskar da ke taimaka masa numfashi, roba a hanci. Na ba shi labarin taron Asabar, na ce ina so mu tara mutanenmu mu je. Ya saurare ni har na gama.

"Uwargida," ya ce, "hawa benen nan naku zai iya kashe ni."

"Sai ka hau a hankali. Ba inda Farfesan zai je."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ranar Asabar ɗalibai suka cika falon, wasu da furfurarsu. Wani mai tabarau ya miƙe da littafin a hannu, yana kiran Farfesa gatan marasa gata. A lokacin na shigo da kujerun. Kowace kujera na ajiye, mai ita na biye. Matan da suka binne mazajensu suka zauna a gaba, hannu a cinya. Mazan da suka rage suka jeru ta bango. Dogo ne na ƙarshe, yana jan tukunyarsa.

Tari ne kawai ke tashi daga cikinmu, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka. Mai tabarau ya ɗaga murya, ya sake ɗagawa, daga baya ya rufe littafin ya zauna.

"Tela, su wa ke nan?" Farfesa ya tambaya.

"Marasa ƙarfin da ke cikin littafinka ne, ranka ya daɗe. 'Yan fasa dutse. Ka taɓa yin bayani a kansu gaban alƙali."

Ya daɗe yana duban su ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa ya kama gefen bargo.

"Abin da na faɗa a kotu gaskiya ne," ya ce. "Haka dokar take. Kuma a cikin littafin nan na nuna cewa an bar giɓi, ya kamata tun tuni a gyara ta."

Dogo ya zare robar daga hancinsa. "To me ya hana ka faɗa wa alƙali haka, Malam?"

"Ba a tambaye ni ba."

"Ba a tambaye ka ba," in ji Dogo. Ya mayar da robarsa.

Ɗaliban suka fara zamewa, wannan ya ce yana da uzuri, wancan ya duba waya. Mu muka zauna daram har shayin da aka zuba a kofuna ya huce, sannan kowa ya ɗauki kujerarsa.

Bayan 'yan kwanaki ma'aikaciyar jinya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da hantsi, ta ce yana nemana. Yana kwance, leɓɓansa sun bushe. Na ɗiga masa ruwa da cokali, don ban taɓa son ƙishirwa ta riga ni gare shi ba.

"Wanne ne mijinki?" ya ce.

"Mai tsayawa a can baya a kotun, don kada tarinsa ya katse ka."

Ya rufe ido. "Ki yafe mini, 'yata."

Na mayar da cokalin cikin kofi. Na yi tsammanin zuciyata za ta yi sanyi idan na ji wannan kalma daga bakinsa, sai na ji ta tana nan yadda take.

"Ba ni ke da wannan ba, Farfesa. Mai yafe maka yana gaba. Ka kusa ganinsa, sai ka yi masa bayanin dokar."

Na gyara masa matashi na fita.

Washegari da safe ya cika. 'Yarsa ta iso daga nesa bayan rai ya yi halinsa, ta rungume ni tana godiyar kula da babanta. Na ce mata Allah ya ba ta haƙuri, kuma har zuciyata na faɗa, don ita ba ta yi mini komai ba.

Ma'aikatan asibiti suka ɗauko shi a kan gadon ɗaukar gawa, an lulluɓe shi da farin zane. Matakalar benenmu ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa giftawa. Suna kaiwa kwana sai ga Dogo yana hawowa. Ya ji labari ya zo, ban san ko ta'aziyya ce ta kawo shi ba. Bai koma da baya ba, su ma ba su ce ya koma ba.

Suka tsaya da gawar a hannu. Dogo ya ɗora ƙafa a kan mataki, ya jawo tukunyarsa, ya dafa bango yana jiran numfashinsa ya dawo.