Wobgo Bai Kai Ƙarshe Ba

Maigidana Tasere ba ya karya kumallo sai Wobgo ya ci. Ingarma ne baƙi, kuma duk mai goɗiya a kewayen garin Kaya ƙofarmu yake kawo ta don neman irinsa.

A shekarar da aka shirya tseren dogon zango, wanda ake fita da asuba a wuni ana tafiya, kowa ya ce Wobgo ne zai ci. Ni da matan unguwa muka jira mahayan a zango na uku da jarkokin ruwa. Shi ne a gaba da suka iso. Likitan dawaki ya sa aka zaga da shi, ya shafa ƙafarsa ta gaba, ya ce jijiyar ta ɗan kumbura.

"Ban hana ka ba," in ji likitan. "Zai iya kaiwa. Abin da zai biyo baya ne ban sani ba."

Tasere ya kwance sirdi, ya miƙo mini linzami.

Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya zama Wobgo ya gurgunce. Wasu suka ce dama ba shi da zuciya, ƙiba ce kawai. Masu goɗiyoyi suka ɗauke ƙafa. Tasere ya daina zuwa majalisa, kullum yana durƙushe a turke yana shafa wa ƙafar man kaɗanya, yana yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa.

Maƙwabcinmu Drisa Pare, Basamo ne, abokin wasanmu mu Mosawa, ba ya wucewa sai ya leƙo ta katanga.

"Bawana, ya jikin jakin? Ka ba ni shi ya riƙa ɗebo mini ruwa."

"Samo da sanin doki? Je ka hau akuyarka."

Daga faɗa sai Tasere ya yi dariya, abin da na daɗe ban ji ba.

Bayan damina ƙafar ta warke sarai, amma babu wanda ya zo. Ranar wata kasuwa sai ga Drisa ya jawo jar goɗiyarsa, bai bi ta lungu ba, sai da ya ratsa tsakiyar kasuwa. Duk wanda ya tambaye shi ina zuwa, sai ya ɗaga murya:

"Gidan gurgu! Tausayin bawana nake ji."

Da ya shigo ya tsuguna ya daɗe yana shafa ƙafar Wobgo, ya ce a hankali, "Da ni ne da na ƙarasa tseren, da yanzu mun binne shi." Sai ya juyo gare ni. "Ke matar bawa, baƙo ba ya shan ruwa a gidan nan?"

Na dama masa gero da tsamiya. Ya shanye ƙwarya guda yana kushe shi.

Da shekara ta zagayo, goɗiyar ta haifi ɗa baƙi mai farin goshi. Tasere da Drisa har yau suna gardamar wa ya ɗebo, uwa ko uba.