Ƙullin Nana Hauwa

Hajo dai daga zangon Kumasi ta zo, ita da jakarta da wani tsohon zane shuɗi da ubanta ya rasu ya bari. Shekara hamsin uban nata, Malam Mikail, yana yi mata labarin Kano, bai taɓa kawo ta ba. Yanzu ba uwa ba uba, miji kuma ya daɗe da yin gaba, shi ne ta taho neman ko mutum ɗaya da zai ce mata, ke tamu ce.

Birni kuwa bai san tana yi ba. Ta hau Dala tana haki, ta hango rufin gidaje har iyakar gani, babu wanda za ta nuna ta ce nasu ne. A Kurmi dukawa suka yi ta tura mata takalma, da suka ji Hausarta sai farashi ya tashi. Ganuwar da uban ke cewa ta tokari sama, ga ta nan ta zaizaye, awaki na kwance a kai.

A marinar Ƙofar Mata ma baƙuwa suka ɗauke ta. Aka nuna mata yadda ƙyalle ke fitowa kore daga karofi, ya sha iska ya koma shuɗi, har da cewa ta ɗauki hoto. Ta ambaci Mikail, kowa ya taɓe baki. Ai Mikail a Kano kamar tsakuwa ne.

Malam Ashafa, wani tsohon marini mai baƙin hannu har gwiwa, shi ya karɓi zanen ya ɗaga wa rana. Ya ce ta yi ɓatan kai, maza tsomawa kawai suke yi, ƙullin da ke fitar da ado aikin mata ne a cikin gida, kuma kowane gida da hannunsa. Ya kwatanta mata wani lungu bayan masallaci.

Can ta iske Baba Uwani, tsohuwar da ido ya tafi amma baki na nan daram. Ta shafa zanen, ta bi ɗigon ƙullin da yatsa.

"Nana Hauwa ce. Ita ke tsallake ɗaya a layi na bakwai, wai maganin baki. Rowa ce dai, zare take ji."

Jin sunan uwar ubanta, Hajo ta tambayi gidan kakar tata. Tsohuwa ta ce an sayar tuni, shagon cajin waya ne yanzu, mutanensa wasu na kushewa, wasu Allah kaɗai ya sani.

Hajo ta fara naɗe zanen.

"Ina za ki, jikar marowaciya? Zauna ki zura min zare, allurar nan tun safe take raina ni."

Hajo ta ajiye jakar a bakin tabarma.