Sashen Wanka

A layin karɓar magani Malama ta tsinci maganar. Wata mata ce ta rage murya tana gaya wa ta kusa da ita wai bindigar nan da ake ta talla a talabijin, "ƙirar gida, ƙarfin gida", ko ƙusa ɗaya ta jikinta ba a nan aka ƙera ba. Malama ta koyar da kimiyya har ta yi ritaya, ba ta haɗiye magana sai ta tauna, ta gwamnati ce ko ta 'yan layi. Amma wannan karon so take jita-jitar ta tabbata.

Dalili kuwa autanta. A masana'antar makaman yake aiki, kuma fasfonsa yana hannun hukumar wurin, kamar na kowa a sashensu. Matarsa tana kwance a wani asibiti a ƙasar waje, wajen yayanta, ana shirin yi mata aikin zuciya. Duk kiran da za ta yi tambayarta ɗaya ce: yaushe zai zo? Ya nemi hutu, aka ce ya san sirrin ƙasa. Ya nemi ajiye aikin, aka ce wanda ya san sirrin ƙasa ba ya ajiye aiki. Malama ta auna abin a ranta: in ba sa ƙera komai, wane sirrin ƙira zai fita da shi?

Daga igiyar shanya ta fara bincike. Ta juya rigar aikinsa ciki da waje. Babu ƙunar tartsatsi, babu baƙin mai, sai warin fenti wanda sabulu ya kasa fitarwa.

"Auta," ta ce da ya zauna cin abinci, "wace irin maƙera ce wannan da ba ta ƙona riga?"

"Mama, don Allah." Ya dubi bangon da ya raba su da maƙwabta. Gidajen ma'aikata ne, tari ma ana jin na juna.

"Na ji kana ce wa abokinka a waya gobe akwai wanka. Famfon gidan nan ne ya ƙafe, sai ka je wurin aiki?"

Bai yi dariya ba. Ya ture kwanon, ya ɗauki wayarsa da ke ta ƙara, ya ga sunan matarsa, ya kife ta a kan tebur.

Ranar baje koli aka buɗe ƙofar masana'antar ga iyalan ma'aikata. Tutoci ko'ina, lasifika tana yabon hannun 'yan ƙasa. Wani jami'i ya zagaya da su wani dogon ɗaki mai injuna jere, ƙasansa fes, ko ɓurɓushin ƙarfe babu. Malama ta yi kamar gwiwa ce ta hana ta sauri, ta dafa wani inji. Sanyi ƙalau, kuma har da ledar da ya zo da ita a maƙale ta ƙasa. Ta wata ƙofa da aka manta ba a rufe ba ta hango dogayen akwatunan katako, an shafe rubutun gefensu da baƙin fenti.

A bakin fita ta yi kiciɓis da daraktan wurin. Ɗalibinta ne a da, wanda bai taɓa shiga aji kafin ƙararrawa ba.

"Malama, ashe kina nan da ƙarfinki."

"Mai Latti, ka yi tumbi. Kai ni ofishinka, ƙafafuna sun gaji."

Ofishin taga ɗaya gare shi, ita ma da sandunan ƙarfe. A bango an rataye bindigar tallan cikin gilashi. Ya sa a kawo mata ruwa, ta ce ya bari.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Surukata za a tsaga wa ƙirji, mijinta yana nan kun ɗaure shi da kalmar sirri. Na ga injunanku, ko ruwan shayi ba su taɓa ɗumamawa ba. Yaron nan bai san yadda ake narka ƙarfe ba, bai san auna bakin bindiga ba. Me zai je ya sayar wa maƙiya? Ka ba shi fasfonsa."

"Nawa ma yana hannun na sama da ni, Malama. Ban gan shi ba tun da aka ba ni kujerar nan."

"Wannan matsalarka ce, Mai Latti. To, mene ne wanka?"

Ya tashi ya murɗa makullin ƙofa, ya ƙara muryar talabijin, inda ake maimaita tallan. Ya dawo ya tsaya a gabanta, hannaye a baya, kamar lokacin da take tsare shi a ƙofar aji.

"Bindigogin a akwati suke zuwa daga ƙasar waje, a haɗe, sai dai a ɗana. Mu kankare sunan masu su, mu fesa fenti, mu buga namu. Shi ne wanka, kuma Auta ne mai kankarewa. Sirrin ke nan, Malama. Da ƙira ya iya, da tuni ya tafi."