Abin da Matan Ampemkro Suke Binnewa

A Ampemkro maharbi ba ya farke cikin abin da ya harbo. Yana sauke shi a ƙofar madafa, ya jingine bindiga, ya tafi wanka. Babbaka da feɗewa da fid da kayan ciki duk aikin mata ne, haka muka taso muka tarar. Ban taɓa zaton wannan ya shafi aikin kwamitinmu ba sai bara.

Kwamitin daji nake nufi. Gwamnati ce ke rufe farauta daga farkon Agusta zuwa farkon Disamba, mu kuma an ba mu ikon mu ƙara a kan haka a namu dajin, amma ban da ragewa. Duk watan Oktoba mukan zauna a ɗakin taron coci mu tsayar da ranar buɗewa, da yawan lasisin da za a bayar, da gada nawa kowane lasisi zai ci, da ɓangaren dajin da za a bari ya huta. Ni ce magatakarda tun da na ajiye alli, don an ce rubutuna yana karantuwa, kuma ba ni da bindiga balle a ce na karkata wani gefe.

Shekara huɗu ke nan gada tana ja da baya. Kowa da wanda yake ɗora wa laifi: wani ya ce makiyaya, wani ya ce masu ƙona gawayi, wani ya ce mutanen tsallaken kogi. Abu ɗaya ne ba mai taɓawa, ranar buɗewa. Kowa ya san gada a damina take ɗaukar ciki, kafin Disamba ta sauke, sai a shiga daji da zuciya ɗaya. In ka nemi hujja sai a nuna maka katangar gidan maharba. A al'adarmu wanda ya kashe dabba mai ciki zai rataye bindigarsa a can kwana arba'in, ya yanka tunkiya a bakin rafi. In shugaban maharba ne, sauka zai yi daga kujera, ba ya kuma komawa. To, ƙusoshin katangar nan sun yi tsatsa, ba wanda ya tuna ranar da aka rataye wani abu a kansu.

Ni dai na yi shekara talatin da ɗaya a aji. In malami ya ce mini ba ɗalibinsa ko ɗaya da ya taɓa faɗuwa, ba yaba masa nake yi ba, takardun nake cewa ya kawo in gani.

Pomaa ƙawata ce tun muna 'yan mata, matar Agya Takyi, wanda ya shekara goma sha tara a kujerar shugaban maharba. Tana da rumfar sakwara a bakin tasha, kuma rabin naman dajin garin nan ta hannunta yake bi. Saura mako guda a yi taro na je na same ta da hantsi tana kirɓa rogo da ayaba.

"Tica, kin zo ci ne ko kin zo tambaya? Na ga alamar fuskar tambaya."

"Duka biyu. Fara ba ni amsa, sannan romo. A Janairu da Fabrairu, in kin farke gada, me kike gani a ciki?"

Taɓaryar ta tsaya a sama. "Hanji. Hanta. Me ake gani a cikin gada?"

"Pomaa, ni ce fa. Ni na riƙe miki jaka ranar da kika tsallake katangar makaranta."

Ta sallami 'yar aikinta ta ce ta je ta sayo gishiri, alhali ga gishiri cike da kwano. Sannan ta zauna a kan wani turmi da ke kife.

"In mata uku suka zo, biyu da ɗa a ciki," ta ce. "Wani ma har gashi ya fito masa. Sai in naɗe a ganyen ayaba in binne bayan rumfa. Kowace mace a garin nan haka take yi. Uwata ce ta koya mini, ita ma tata ta koya mata. Wa za ta sa mijinta ya zauna kwana arba'in a tsakiyar lokacin farauta, ga kuma tunkiya? Me yara za su ci?"

"Na Agya Takyi fa?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Bindigarsa tana da ido ne? Nasa sun fi na kowa, tunda ya fi kowa iya harbi. Amma wallahi, Gyamfua, in kika kai sunana wurin taron nan, ni da ke har abada. Mutumin nan ba shi da gonar koko, ba shi da mota. Kujerar nan ce kaɗai abin da ya mallaka. Da ita yake tashi da safe."

Na yi mata alkawari ba zan ambaci sunan kowa ba. Na ci sakwarata, romon ya yi barkono da yawa, na tafi.

Ranar taro ɗakin ya cika. Maharba a benci, rigunansu na saƙi duk layu, Agya Takyi a gaba kan kujerarsa ta itace da ake ɗauko masa daga gida. Mata suna bakin ƙofa da tukwane, don su ke ciyar da taro in an tashi. Mista Effah, jami'in da ke zuwa mana daga gunduma, ya buɗe takardunsa ya karanta abin da ya zo da shi: gada ta ragu, saboda haka lasisi zai sauko daga arba'in da biyu zuwa ashirin da biyar, sababbin shiga su ne za a fara cirewa. Ranar buɗewa tana nan yadda take.

Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Wofa Ameyaw, wanda kowa ya san ya daɗe yana hangen kujerar shugaba, ya miƙe ya ce gida goma sha bakwai za a kashe wa tukunya saboda laifin masu gawayi. Wani daga baya ya ce a fara cire Ameyaw, tunda shi bara kututture ya harba har sau biyu. Aka yi dariya, aka koma faɗa.

Na ɗaga hannu. Na ce ni shawarata a bar lasisi yadda yake, a ɗage buɗe farautar gada kaɗai zuwa farkon Maris, domin ina da dalilin zaton gadar dajinmu tana ɗauke da ciki har cikin Fabrairu.

Mista Effah ya gyara tabarau. "Madam, littafin da muka karanta bai ce haka ba."

"A wane daji aka rubuta littafin, ɗana?"

"To, ba zan ce a nan ba. Amma ba zan iya kai wa na sama da ni zato ba. Ina bukatar wanda ya gani da idonsa."

Agya Takyi ya yi murmushi, irin na babban da yaro ya yi wa wauta. Mutum ne mai sanyin magana, shi ya sa ake saurarensa.

"Tica, muna girmama ki, kin koyar da 'ya'yanmu har da jikoki. Amma gada ba ta zuwa aji. Yaushe rabonki da daji? Ko itace sai an kawo miki."

"Ban ce na je daji ba, Agya."

"To wa ya gani? Kawo mutum ɗaya. Ni shekarata arba'in da uku da bindiga, ban taɓa kwantar da mai ciki ba. Ubana ma haka. In da akwai, da ni zan fara sani." Ya juya ga jami'in. "Mista Effah, rubuta ashirin da biyar ɗinka. Da zafi, amma in daji ya gaji dole wasu su haƙura."

Alkawari na yi, ba zan ambaci Pomaa ba. Na ɗauki biro zan rubuta. Goma sha bakwai ɗin nan da za a cire na san su ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu na koya musu haɗa baƙi, kuma matansu suna tsaye a bakin ƙofa.

"Baban Dufie."

Pomaa ce, haka take kiran mijinta. Ta shigo har tsakiyar ɗaki da ludayi a hannu, ta manta ba ta ajiye ba. Mace ba ta magana a wannan taro in ba ni ba, ni ma don biro ne.

"Baban Dufie, kada ka ce a rubuta. Ni na gani."

"Kin ga me?"

"Abin da Tica ta faɗa. Ni nake farkewa, ni nake binnewa. Bayan rumfata in aka tona, ba inda za a sa fartanya ba a taɓa ɗaya ba."

Ya daɗe yana kallonta.

"Na waɗanda suke sayar miki," ya ce.

"Da nasu, da naka."

"Nawa guda nawa?"

"Na daina ƙirgawa tun shekarar da aka yaye Dufie."

Dufie, 'yarsu, yanzu 'ya'yanta huɗu. Kowa a ɗakin ya yi wannan lissafin a zuciyarsa.

Wofa Ameyaw ya miƙe da sauri har benci ya yi ƙara. Ya ce abin baƙin ciki ne, amma al'ada al'ada ce, kujera ba ta zama ƙarƙashin wanda hannunsa ya ɓaci, kuma ya kamata a duba cikin dattawa a ga wanda nasa hannun yake da tsabta. Daga bakin ƙofa matarsa, Maame Kyeremaa, ta ce, "Zauna, Ameyaw. Uku na binne maka bara kaɗai, ban da kututturen." Matan suka fashe da dariya, irin wadda aka daɗe ana riƙewa. Sai ga su suna faɗa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce biyu, waccan ta ce biyar, wata ta ce ita ƙarƙashin bishiyar lemo take sa nata, shi ya sa lemon yake zaƙi. Mazan dai kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Mista Effah yana ta rubutu. Ya tambayi matan watanni, suka ba shi: daga Kirsimeti zuwa ƙarshen Fabrairu abin ya fi yawa, in Maris ya shiga sai jefi-jefi. Ya ce wannan zai iya kaiwa gaba.

Wani dattijo ya kawo shawara mai sauƙi. Ya ce tunda kowa ya ɓaci, to ba wanda ya ɓaci. A haɗa kuɗi a sayi tunkiya ɗaya a yanka wa gari duka, Agya Takyi ya ci gaba da zamansa. Aka yi ta gyaɗa kai. Ni ma, in faɗi gaskiya, na so a tsaya a nan, saboda Pomaa.

Agya Takyi ya girgiza kai. "Shekara goma sha tara ina gaya wa yara abin da ke faruwa da wanda ya kashe mai ciki. Na hana wani yaro, Kwaku, auren 'yar ƙanwata saboda an ce kakansa ya taɓa yi. Yanzu da ya zo kaina sai a ce tunkiya ɗaya?" Ya dafa gwiwa ya tashi. Ya tuɓe rigar layun, ya ninke ta, ya ɗora a kan kujerar, ya rage daga shi sai singileti. Ya je benci na uku ya ce wa wani saurayi, "Matsa."

Daga can ya ɗaga hannu ya goyi bayan shawarata da aka zo ƙuri'a. Farautar gada ta koma ɗaya ga Maris, lasisi arba'in da biyu yadda yake, an kuma ƙara layi ɗaya da Mista Effah ya nema: mata biyu za su shiga kwamiti. Na rubuta, aka sa hannu, aka ci abinci. Pomaa ta zuba wa mijinta, bai taɓa kwanon ba.

Da yamma ya kai bindigarsa gidan maharba ya rataye. Washegari wasu shida suka bi shi. Sauran suka ce ai lokacin rufewa ne dama, rataya da rashinta duk ɗaya, suka bar nasu a gida.

Kujerar har yau ba kowa a kanta. An zauna sau biyu a kan maganar, duk wanda aka ambata sai a waiwaya a dubi matarsa, ita kuma ta dubi rufin ɗaki.

Pomaa ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba, ko da yake ban karya alkawari ba. Ta ce da ban je da tambayata ba, da bakinta bai saba da faɗar abin ba. Ban yi mata musu ba. Agya Takyi kuwa a gidan ƙanwarsa ya riƙa cin abinci har bayan Kirsimeti. Na tambaye ta ko sun shirya, ta ce ya dawo ci, magana ce dai sai ta kama dole.

A makon ƙarshe na Fabrairu na kafa tebur a ƙofar ɗakin taro ina ba da lasisi. Da can shugaba ba ya zuwa, ni nake kai masa nasa har gida. Ranar na ɗaga kai na gan shi a layi, na goma sha ɗaya, hularsa a hannu, rana tana dukansa. Waɗanda ke gabansa suka yi ta cewa ya wuce, ya ƙi. Da layi ya zo kansa na cike suna da lambar bindiga, na zo wurin da ake rubuta muƙami, na tsaya.

"Me zan sa a nan, Agya?"

"Me kika sa wa na gabana?"

"Maharbi."

"To me kike jira?"

Na rubuta, na buga hatimi. Ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu, ya ce wa na bayansa ya matso.