Kwali Ashirin da Tara

Shekara huɗu da wata uku Barnaba ya yi yana jiran takarda guda. Ba ta ƙarin girma ba ce, ba ta fili ba ce, takardar izinin ƙona takardu ce. In ka yi dariya ba ka yi laifi ba, shi ma da farko dariyar ya yi.

Shi ne mai kula da ɗakin ajiyar tsofaffin takardu a reshen babban banki na Maraɗi. Shekara talatin da ɗaya yana tasowa daga Tsibiri a kan moto, wato babur, ya buɗe ƙofar ƙarfen nan ta bayan gini, ya shaƙi warin tsohuwar takarda da maganin gara, har tari ya zame masa ɗan gida. Doka ta ce takardar da ta cika wa'adinta a ƙone ta, amma ba a ƙyasta mata ashana sai hedikwata a Yamai ta yarda. Sai ya zauna ya jera komai, kwali ɗari shida da arba'in, kowane da lambarsa da shekararsa, ya aika da jerin a rubuce. Dosiyen, wato fayil ɗin neman izinin, ya je ya dawo, wai babu hatimi a shafi na tara. Ya koma ya sake dawowa, wai mai sa hannun an canja masa wurin aiki. Karo na uku kuwa ba wanda ya san teburin da ya kwanta a kai.

Lokacin ajiye aikinsa ya zo ya wuce. Darakta ya roƙe shi ya dakata, don ƙa'ida ce wanda ya rubuta jerin shi ke sa hannu ranar ƙonawa, kuma ba a karɓar makulli a hannun mutum da aiki a rataye. Barnaba ya ce to. Wannan “to” ɗin ta ci masa shekara biyu.

A Jiratawa akwai garka da matarsa Alisabatu ta gada wajen mahaifinta, cikin filin nan da ake ba ruwa da famfo. Can Barnaba ya ajiye ransa tun da daɗewa. Albasa yake so ya shuka, da tattasai, da layi biyu na zogale, ya zauna inda iska ke kaɗawa ya huta da tari. Rani biyu ke nan garkar na kwance. Ranar wata Lahadi bayan an tashi daga majami'a, Gado, shugaban manoman wurin, ya tako har Tsibiri.

“Barnaba, ni dai na yi iyakar ƙoƙarina,” in ji Gado. “Mutane na nan suna roƙon ruwa, taka ko sai ciyawa. In watan ga ya mutu ba ka sa hauya ba, wani za a ba. Kada ka ce ban hwaɗa maka ba.”

Alisabatu kuwa gwangwanin irin albasa kawai ta ɗauko ta ajiye a bakin taga, inda zai gan shi duk safiya in yana ɗaura takalmi.

Sai ga izini ya zo, saura kwana tara wata ya mutu. Barnaba ya riƙe takardar yana dubawa, ya nemi murna a ransa ya rasa. Gajiya kawai ya ji, irin ta wanda ya kwana a tasha mota ta zo ƙafarsa ta riga ta sage.

Ranar Juma'a da hantsi 'yan kwamiti suka iso, mutum uku. Babbansu Malam Maliki, daga Yamai, dattijo ne mai furfura, da ka gan shi ka ga wanda ya ƙirga kwalayen garuruwa da yawa. Aka fito da kaya tsakar gida aka shiga ƙirga. Aka ƙirga sau ɗaya, aka sake.

“Ɗari shida da sha ɗaya,” in ji Malam Maliki. “Ina ashirin da tara?”

Barnaba ya yi murmushi, don a tsammaninsa wannan tambaya ce mai sauƙi. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce, kuma gara ba ta jiran Yamai. Duk damina sai ta ci gindin kwali goma sha wani abu. Shi kuwa ba ya iya ganin takarda a ƙasa. Sai ya kwashe su falle-falle, ya kakkaɓe, ya shanya, ya haɗa na kwali biyu masu shekara ɗaya cikin sabo guda, ya rubuta a wani ɗan littafi nasa cewa lamba kaza ta koma cikin lamba kaza. Ya ciro littafin ya miƙa da hannu biyu.

“Ranka ya daɗe, ko falle guda bai ɓace ba. Ga shi nan duk na rubuta.”

Malam Maliki ya buɗe shafi biyu, ya rufe, ya murza idanunsa.

“Na yarda da kai, Malam Barnaba. Wallahi na yarda. Amma ba littafinka aka aiko ni in karanta ba. Izini ya ce ɗari shida da arba'in. In na sa hannu a kan ɗari shida da sha ɗaya, gobe ni za a tsare a ce ina sauran.”

“To mi za a yi ke nan?”

“Sabon jeri. Sabon dosiye.”

Barnaba ya nemi kwali ɗaya ya zauna a kai, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Da ya bar gara ta yi aikinta, da kwalayen suna nan a tsaye da lambobinsu, cikinsu ƙasa, kuma da an sa hannu. Kulawarsa ce ta kashe shi. Wannan ya yi masa ciwo fiye da komai.

Malam Maliki ya duba agogo. Ya ɗaga kai ya dubi lungun ɗakin ajiya, inda sababbin kwalaye marasa komai ke jibge, waɗanda Barnaba ke tanada saboda gara. Ya daɗe yana dubansu.

“Za mu tafi masallaci, daga nan mu ci abinci,” ya ce, ba tare da ya dubi Barnaba ba. “Ka san tsufa, ido ya fara ha'inci. Wataƙila mu muka yi kuskuren ƙirga. In mun dawo sai mu sake.”

Suka fita, ma'aikata suka bi su da dardumarsu a kafaɗa. Shekara talatin da ɗaya azahar ɗin Juma'a ita ce lokacin da Barnaba ya fi so, gini ya yi tsit, daga shi sai takardunsa. Yau shirun ya yi masa nauyi. Ya ji huɗuba na tasowa daga lasifika can wajen unguwar Zariya. Ya tuna gwangwanin nan na bakin taga, ya tuna Alisabatu da ba ta taɓa ce masa “sai yaushe” ba, ko sau ɗaya.

Ya tashi.

Lambobin ashirin da tara yana da su a ka, bai ko buɗi littafi ba. Ya rubuta su a jikin sababbin kwalaye da rubutunsa mai kyau. Tsara kowace takarda ta koma mazauninta aikin sati biyu ne, shi kuwa awa biyu gare shi. Sai ya riƙa dumbuza daga duk kwalin da hannunsa ya kai, na shekarar casa'in da huɗu a kan na dubu biyu da uku, wasiƙa a kan rasit, yana cusawa yana ɗaurewa. Ya goga wa kwalayen ƙasa don su yi kama da tsofaffi. Kunya ta kama shi kamar ana kallonsa, alhali ba kowa.

Da suka dawo aka ƙirga. Ɗari shida da arba'in cif.

“Ka gani,” in ji Malam Maliki. “Na ce maka ido ne.”

Aka loda a babbar mota, aka kai wani rami bayan gari, aka zuba man gazuwal, aka ƙyasta ashana. Ko kwali ɗaya ba wanda ya buɗe. Abin da ya tsare daga ruwa da ɓera da gara tun yana da baƙin gashi, kafin la'asar ta yi sanyi ya zama toka. Hayaƙin ya tayar masa da tari, ya koma gefe ya tsuguna. A kan murfin mota aka shimfiɗa takardar shaida, mai cewa an ƙone kwali ɗari shida da arba'in, kowane da abin da jeri ya ce yana cikinsa. Su ukun suka sa hannu, shi ma ya sa.

Ranar Litinin ya zo miƙa makulli, hauya ɗaure a bayan moto, don daga nan Jiratawa zai wuce. Rahmatu, wadda za ta gaje shi, tana tsaye cikin ɗakin da ya zama fanko, da takardar shaidar a hannunta.

“Baba Barnaba, wagga fa? Shekara nawa ake aje ta kahin a nemi izini?”

Ya karɓa ya duba sa hannunsa a ƙasa. Duk takardun da ya riƙe da gaskiya sun tafi, ita kaɗai ta rage.

“Wagga ba a ƙone ta,” ya ce. “Har abada ake aje ta.”

Ya so ya bar ta nan ƙasa kusa da bango, inda ya san hanyar gara take. Sai ya ga hannunsa ya jawo kujera, ya hau da ƙyar, ya ɗora ta can kan kanta ta sama inda gara ba ta kaiwa. Ya sauko yana tari, ya miƙa wa Rahmatu makulli.