Dokin da Bai Raka Enos Ba

Lovina tana cikin barga tana share wa dokinsu Barni majina da tsumma lokacin da Atlee, mijin ƙanwarta Saloma, ya shigo da malafarsa a hannu. Da ta ga hular a hannu ta san ba lafiya ba.

"Yaya Lovina, Enos ya faɗi a wurin yankan katako. Zuciya ce. Kafin a ɗaga shi ya cika."

A ƙafa mijin nata ya tafi aiki ran nan, don kwana uku ke nan Barni yana tari. A kasuwar gwanjon dawaki ya kwaso murar, kuma ta bi unguwar gida gida. Bargar Atlee ce kaɗai shiru, saboda duk bazara da kaka yakan kira likitan dabbobi a yi wa nasa allurar rigakafi. Enos ya sha yi masa dariya.

"Kakana bai taɓa tsira wa doki allura ba," in ji shi.

"Kakanka bai taɓa yawon kasuwa da doki kamar ka ba, sarkin taurin kai," in ji Atlee.

A al'adarsu ta Amish, Kiristocin Amurka da ke hawan keken doki maimakon mota, keken doki ne ke ɗaukar akwatin gawa, dangi su bi baya a jere. Lovina ta ce Barni ne zai ja. Shi ya kai Enos ko'ina shekara da shekaru, shi zai kai shi makwanci.

"Zazzaɓi yake yi, Yaya," in ji Atlee. "In ya ja kaya a haka, ciwon zai sauka huhu, ki rasa shi. Ga dawakin mutane da zai shafa wa. Bari goɗiyata ta ja."

"Goɗiyarka! Har a makabarta sai an nuna mana ku ne masu wayo?"

Saloma ta taɓa mata kafaɗa. "Haba Yaya, taimako ne."

"Ɗauke hannunki, 'yar gata. Komai naki yana tsaye da ƙafafunsa."

Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma abin da ke ranta ke nan. Tun suna yara Saloma ce burodinta ke tashi, ita ce lambunta ba ya tsutsa. Yanzu ga ta da miji yana numfashi, ga dawaki biyar ba mai ko atishawa.

Ranar jana'iza da safe Lovina ta shiga barga ita kaɗai, ta ɗora wa Barni kayan ja. Ya miƙo kai ya karɓi linzami kamar kullum, bai yi gardama ba. Ta jawo shi zuwa ƙofa, sai tarin ya taso masa, busasshe, daga can ciki, har ƙafafunsa na gaba suna rawa. Ta kai hannu wuyansa, zafi kamar murhu. Sannan ta kwance kayan ɗaya bayan ɗaya, ta rufa masa tsohon bargon Enos, ta ja ƙofa.

Goɗiyar Atlee ce ta ja akwatin, wuya a miƙe, kofato yana ƙwas ƙwas a kan kwalta. Jerin bai yi tsawo ba, yawancin mutane a ƙafa suka zo, don dawakinsu suna fama da murar. Lovina ta zauna a kujerar baya ta keken ƙanwarta, ba abin da take gani sai kafaɗar Saloma da ta Atlee suna gugar juna duk sanda aka faɗa rami. Kuka ma ya ƙi zuwa.

Barni ya yi wata guda ba aiki, ya warke. Da kaka ta aika aka kira likitan da kanta, ta riƙe ragama aka yi masa allurar. Saloma ta ji labari ta kawo mata kek ɗin tuffa, ba ta ce "ai da ma an faɗa muku" ba. Wannan ma ya ƙona wa Lovina rai.

Har yau, kowace safiya kafin ta karya, takan goge Barni da buroshi sai bayansa ya yi sheƙi, sannan ta ɗaure shi a shingen da ke kallon tagar kicin ɗin Saloma, don ƙanwar ta ga ita ma nata yana tsaye da ƙafafunsa.